Kujerar Mista Garrioch da Hanyar Kogi

Kilbarra, Victoria
Yuli, 1880

Ƙanena Jabez,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da ɗalibanka. Mu nan sai godiya ga Ubangiji. Tarin maigidana Silas ya yi sauƙi tun da na hana shi fita tatsa ba riga mai kauri. 'Yarmu Loveday ta fara haɗa baƙi da kanta, ƙanenta Digory kuwa haƙori yake fitarwa, ya hana kowa sakat. Idon Mama ya ƙara dushewa, amma kunnenta ras. Ta ce a tambaye ka ko safar da ta saƙa maka ta isa.

Ba safa ce ta zaunar da ni rubutu ba. Wa'adin Mista Garrioch a majalisar dattawa ya cika, za a yi zaɓe a watan Satumba, kuma wai zai sake tsayawa. Wata shekara goma ke nan, Jabez! Tun muna yara aka yanka mazaɓar nan, daga bakin teku har duwatsun da kake koyarwa, kujeru biyar aka ba ta, kuma ban taɓa jin wanda ba mai dubban tumaki ba ya hau ko ɗaya. Duk dokar da majalisar wakilai ta yi don ƙananan manoma, tana hawa sama sai su zauna a kanta.

Makon jiya Silas ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya je a sa sunansa cikin masu zaɓe. Akawun ya ce masa, "Rodda, ƙuri'ar majalisar wakilai kana da ita. Wannan kuwa ta masu ƙasa ce." Silas ya ce, "To ni a kan ruwa nake noma?" Mutumin ya yi dariya ya ce, "Je ka ƙara gona tukuna." Ya dawo ko shayi bai sha ba.

Saboda haka a duk zuriyarmu kai kaɗai ke da ƙuri'a a wannan zaɓen, tunda takardar malanta tana ba mutum ita kamar yadda ake ba likita da fasto. Mista Tolhurst mai injin niƙa zai kara da Garrioch. Ban ce maka waliyyi ba ne, garinsa ma yakan zo da tsakuwa, amma ya yi alkawarin buɗe hanyar kogi.

Ƙofar da Garrioch ya kafa tana nan yadda ka bar ta, da sarƙa da kwaɗo, a kan hanyar da kowa ya san ta jama'a ce. Har yau zagaye muke yi da shanu ta bayan tudu kafin su sha ruwa. A zagayen nan Baba ya faɗi a shekarar fari, ni na tsince shi, da sandarsa a hannu. Kai kana ƙarami, abin da ka gani shi ne rabin ragon da Garrioch ya aiko gidan makoki, da takardar da ya rubuta daga baya aka ɗauke ka makarantar malamai. Ni ban ɗauki wannan alheri ba, toshiyar baki ce.

Ko da ƙafa ne ka je ka kaɗa wa Tolhurst ƙuri'arka. Ka ba ni amsa da wuri.

Yayarka da ba ta mantuwa,
Keziah Rodda

Mount Orrin
Agusta, 1880

Yaya Keziah,

Na sami takardarki, na yi murna da jin kowa lafiya. Ki gaishe da Silas, ki shafa min kan yaran. Ki gaya wa Mama safa ta iso, ita nake sa wa dare da rana, don dusar ƙanƙara ta rufe mana hanya, rufin makaranta kuma yana yoyo daidai kan allo. Mura ta ɗan taɓa ni, ta sake ni.

Batun da kika kawo, ba zan tsawaita a kansa ba. Mista Garrioch zai zo nan neman goyon baya ƙarshen wata, kuma a makarantata za a yi taron, don babu wani ɗaki mai girmanta. Wakilinsa, Mista Pym, ya roƙe ni in zauna kusa da shi, in buɗe taro, in gabatar da shi ga jama'a. Na amsa.

Ki kwantar da hankalinki. Ban manta da abin da mutumin nan ya yi mana ba, kuma a ranar zan saka masa a gaban kowa.

Ƙanenki,
Jabez Trewin

Kilbarra
Satumba, 1880

Jabez,

Muna lafiya. Iyakar gaisuwar da za ka samu ke nan.

Sau uku na karanta takardarka ina cewa ko idona ne. Ba ka manta da abin da ya yi mana ba! Me ya yi mana? Rabin rago? Au, takardar makaranta ce har yanzu take maka nauyi a wuya, za ka saka masa a gaban kowa? Da na sani da na bar ka kana kiwon shanu, ai da ka san inda ƙishirwa take.

Na so in yi maka uzuri, sai ga jarida. Thomasine matar Hocking ce ta kawo min ita har kicin, ta nuna min da yatsa: "Malam Trewin ya buɗe taro da kalamai masu daɗi, ya gabatar da Mai Girma ɗan majalisa." Ranar Lahadi a ƙofar coci wani ya ce wa Silas, "Ashe surukinka ya sami ubangida." Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na karanta wa Mama takardarka, don ba na ɓoye mata komai. Ta ce in maimaita mata ƙarshen. Na maimaita. Sai ta ce, "Yaron nan zai ja wa kansa." Ban san me take nufi ba, tsufa ya fara taɓa ta. Wanda ya zauna a gefen Garrioch ai ba abin da zai ja wa kansa sai sabon rufin makaranta.

Ka kaɗa ƙuri'arka inda ka ga dama. Amma in ka zo Kirsimeti, kada ka ce za ka raka ni kabarin Baba.

Keziah

Kilbarra
Janairu, 1881

Jabez,

Ina fatan kana da rai, tunda ba ka ga damar sanar da mu ba. Kirsimeti ta wuce, ba kai, ba takarda. Mu nan zafi ya yi tsanani, rijiya ta ƙafe, saniya biyu sun mutu a zagayen tudu, ciki har da jar nan da Loveday take hawa.

Wataƙila ka ji yadda zaɓen ya ƙare, wato yadda ba a yi shi ba. Ana gobe rufe karɓar sunaye lauyoyin Garrioch suka ce dukiyar Tolhurst ba ta kai ta ɗan takara ba, don rabin injin na ɗan'uwansa ne. Ya janye. Silas yana garin ranar da aka sanar. Ya ce a barandar kotu aka karanta, mutanen da ke wurin ba su kai a cika benci ba, har da wani kare. "Babu hamayya, Mista Garrioch ya koma." Shi gogan ma bai zo ba, yana Melbourne wurin sukuwa. Ka ga ke nan ka zubar da mutuncinka a kan ƙuri'ar da ba a ma nema ba.

Ba don wannan na rubuto ba. Mama ba ta da lafiya. Tun kafin sabuwar shekara ta kwanta, ba ta iya riƙe ko romo. Likita ya zo ya girgiza kai. Duk motsin da ta ji a ƙofa sai ta ce, "Jabez ne?" Fushina yana nan, ban sauke ba, amma uwarka ce. In ba ka da kuɗin hanya, ka roƙi ubangidanka ya ara maka doki.

Keziah

Sansanin ma'aikatan dogo, arewacin Sandhurst
Maris, 1881

Yaya Keziah,

Ina gaishe ki, ina gaida Silas da yara. Yaya jikin Mama? Jiya takardarki ta Janairu ta zo hannuna, bayan ta bi ni gari uku, ambulan duk ya yi baƙi da hatimi. Ni lafiyata ƙalau, sai dai tafin hannu da ya farfashe. Tun watan Oktoba ba ni a Mount Orrin. Katakon layin dogo nake ɗauka.

Yanzu ki saurara, tunda kin yanke min hukunci ba ki ji ta bakina ba.

Matar Pym ce ke riƙe da gidan waya a can, kuma duk garin an san tururin butarta ya saba da bakin ambulan, tana buɗe takardun mutane. Shi ya sa na rubuta yadda na rubuta. Na ɗauka ke da kika goya ni za ki gane. Abin da ya yi mana, Yaya! Kin zaci rago nake nufi?

Ranar taron makaranta ta cika maƙil, masu haƙar zinariya har kan tagogi. Na buɗe taro kamar yadda jarida ta faɗa. Garrioch ya yi dogon jawabi, wai majalisar dattawa ita ce birkin keken da ke gangara, in babu ita talakawa za su kifar da ƙasa. Da ya gama na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ka gane ni?"

Ya ce, "Ƙwarai kuwa. Ɗan Trewin. Ni na rubuta maka takarda."

Na ce, "Haka ne. Ka san inda ubana ya mutu?"

Ban jira amsarsa ba. Na ce, "A bayan tudun Kilbarra, yana zagaye da shanu, don ka sa wa hanyar kogi kwaɗo. Ka gaya wa jama'ar nan, hanyar taka ce ko ta kowa?"

Ya ce, "Malam, taron siyasa muke yi, ba shari'a ba."

Wani daga taga ya ɗaga murya, "Ba shi amsa mana, tsoho!" Sai wuri ya kaure. Garrioch bai ko motsa ba. Ya jira aka lafa, sannan ya ce, "Duk mai ƙuri'a a zaɓen nan ya ɗaga hannu." Likita ya ɗaga, da manajan banki, da fasto, da masu shago biyu, da ni. Ya dubi sauran ɗakin ya ce, "To da waɗannan na zo magana. Ku kuwa na gode da kuka zo kallo." Ya ɗauki hularsa ya fita. 

Mai jaridar abokinsa ne, ya buga farkon ya bar ƙarshen. Kwamitin makaranta, wanda Pym ke shugabanta, ya rubuta cewa na mai da aji fagen tada fitina. Aka sallame ni. Ranar da nake ɗaure littattafaina takardarki ta Satumba ta iso. Na karanta a tsaye. Garrioch ya raba ni da aikina, ban yi kuka ba, amma da na zo inda kika ce kada in raka ki kabarin Baba, sai da na zauna. Na rantse ba zan rubuto ba sai kin nemi jin gaskiya da kanki. Ke ce kika koya min riƙo, kada ki yi mamaki.

Sunana ma an cire daga masu zaɓe, tunda ba ni da mazauni. Yanzu gidanmu ba mai ƙuri'a ko ɗaya, hankalin kowa ya kwanta.

Ki karanta wa Mama wannan daga farko har ƙarshe. Da an biya mu ƙarshen wata zan taho.

Ƙanenki,
Jabez

Kilbarra
Afrilu, 1881

Ƙanena,

Ban san yadda zan fara ba. Silas da yara suna lafiya. Mama ta rasu tun tsakiyar Fabrairu, da safe, ina ba ta ruwa a cokali. Mun binne ta kusa da Baba. Na aika maka Mount Orrin, ashe ba ka can.

Na karanta takardarka a tsaye ni ma, sannan na fita bayan ɗakin tatsa inda yara ba za su gan ni ba. Na karanta maganarka a karkace, na yarda. Amma kai ma, Jabez, wata shida! Layi ɗaya ya gagare ka? Ka bar tsohuwa tana juya kai duk lokacin da ƙofa ta motsa, don kana fushi da ni? Ni za ka hukunta, ita ta biya.

Abu ɗaya zan gaya maka don ka samu barci. Ita ba ta taɓa zarginka ba. Ana saura kwana kaɗan na ce mata, "Mama, ki daina jiransa, ya zama ɗan gidan Garrioch." Ta ce, "Keziah, ke dai akwai saurin baki. Ba ki san ƙanenki ba." Na ɗauka zafin ciwo ne.

Na kai takardarka coci na ba fasto, na ce ya karanta wa maza bayan sujada, musamman mai bakin nan da ya yi wa Silas gori. Ya karanta. Ba wanda ya iya haɗa ido da ni.

Ka zo ka ga kabarin. Ni zan raka ka.

Yayarka,
Keziah

Kilbarra
Disamba, 1882

Ƙanena Jabez,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kuma kafaɗar da ka ce tana damunka ta sake ka. Tun zuwanka bara Digory yake tambaya yaushe kawu zai dawo. Silas lafiya, sai dai ransa a ɓace yake, za ka ji dalili.

Ka san an soke tsohuwar mazaɓarmu. Bayan duk rigimar da aka sha a Melbourne, an daddatsa lardunan zaɓe shida na ƙasar nan an mai da su goma sha huɗu, an kuma sassauta sharaɗin dukiya, har Silas ya samu shiga. Na yi murna, na ce yau Garrioch zai gane shayi ruwa ne. Ashe 'yan majalisar da wa'adinsu bai cika ba rarraba su aka yi a sababbin mazaɓu, shi kuma aka ba shi ta ƙetaren duwatsu. Ƙofarsa tana nan a hancinmu, kujerarsa tana inda hannunmu ba ya kai. Har liyafa suka yi a otal don ban kwana da tsohuwar mazaɓa, jarida ta ce shekara ashirin da shida ce ta zaman lafiya da mutunci. Zaman lafiyar wa?

Ranar zaɓe na raka Silas. Ni da Thomasine muka tsaya a waje cikin rana, maza suka shiga suka fito suna hura hanci. Na ce musu, "To, masu ƙasa, yanzu sai ƙofar kogi ko?" Hocking ya ce, "A bi a hankali, Misis Rodda. Sabon ɗan majalisa zai tada maganar." Na ce, "Yaushe?" Ya ce in an koma zama, bayan Ista. Silas ma, mijina, cewa ya yi, "Keziah, yanzu muna da hanyar doka." Rijiya kuwa ta fara ja da baya.

Washegari da hantsi na ɗauki gatari, Thomasine ta kora shanunmu da nasu. Kwaɗon ya ƙi, sai na sare ginshiƙin, ƙofar ta kwanta gaba ɗaya. Jabez, da ka ga yadda dabbobin nan suka ruga cikin ruwa. Na zauna a bakin kogi ina kallonsu suna sha.

Shekaranjiya aka yi shari'a. Mai safiyo ya zo da taswira, ya tabbatar hanyar ta jama'a ce tun kafin a haifi Loveday, tun kafin Baba ya faɗi. Alƙali ya ce ba wanda zai sake rufe ta. Sannan ya juyo ya ce amma katakon ƙofar na Mista Garrioch ne, na lalata dukiyar wani, in biya tara ko in yi mako guda a tsare.

Ya ce, "Misis Rodda, ba a gyara da gatari. Da kin kai kukanki wurin wakilinki."

Na ce, "Wane ne wakilina, ranka ya daɗe? Ni ba a tambaye ni ba."

Ya ce, "Mijinki ya zaɓa muku."

Na ce, "To shi za ku tsare ke nan?"

Kotu ta fashe da dariya, shi bai yi ba. Na tambaye shi mutumin da ya rufe hanyar jama'a shekara da shekaru nawa ne tararsa. Ya ce wannan ba ya gaban kotu.

An ba ni zuwa Litinin ta sama. Silas yana ta kai da komo, wai zai sayar da maraƙi ya biya, don kada a ce matarsa ta kwana a gidan yari. Na ce in ya biya, ya nemi mai dafa masa abinci. Abin da ke damuna yara ne da tatsa, ga girbin alkama ya zo, ba zai iya shi kaɗai ba. Ban saba roƙonka ba, kuma na san in ka bar aikin ba lalle su mai da kai ba. Ka duba ka gani.

Yayarka,
Keziah

Sansanin dogo
Disamba, 1882

Yaya,

Lafiya lau nake, kafaɗa ta warke. Na karanta takardarki ga abokan aikina a wurin cin abinci, wani Ba'irishe ya ce in tambaye ki ko kina da ƙanwa.

Na gaya wa shugaban aiki zan tafi. Zan iso ranar Asabar da jirgin rana, Silas ya tare ni a tasha. Tatsa hannuna ya manta, amma Loveday za ta tuna min. Kada ki bari a biya ko sisi, in ya matsa ki ce ya jira ni.

Ranar Litinin ni zan ja keken dokin in kai ki gidan yarin. Ki sa rigarki ta zuwa coci. Ta tsakiyar gari za mu bi, da rana tsaka, a hankali.

Ƙanenki,
Jabez